Taron Masana Ƙanjamau na Shekara-Shekara: Me Muke Kaiwa Can?

A kowace shekara, tsakanin watan Fabrairu da na Maris, likitoci da masana kimiyya kimanin 4,000 sukan hallara a ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka, wani lokaci Bostan, wani lokaci Siyatil ko San Faransisko, domin su baje abin da suka gano game da ƙwayar cutar HIV, wato mai haddasa ƙanjamau, da sauran cututtukan da kan bi ta hanyar saduwar namiji da mace. Ana kiran wannan taro da taƙaitaccen suna CROI. An fara yin sa ne a birnin Washintan cikin shekarar 1993, shekarar da masana kansu suka yi sanyin gwiwa, domin wani babban gwaji da aka gudanar a Ingila da Faransa ya nuna cewa maganin AZT, wanda aka ɗora wa buri mai yawa, ba ya tsawaita ran mutumin da ya soma shan sa shi kaɗai tun da wuri. Waɗanda suka kafa taron sun so su sami wuri wanda babu jawaban shugabanni da kaɗe-kaɗe, inda mai bincike zai tsaya na ɗan mintuna ya faɗi abin da ya gwada da abin da ya samu, sa'annan abokan sana'arsa su yi masa tambayoyi irin na ƙeƙe-da-ƙeƙe.

Mu a nan, labarin wannan taro yakan iso mana ne a gutsure, galibi ta bakin gidajen rediyo, kuma kusan kullum da kai ɗaya: an warkar da wani mutum daga ƙanjamau. Daga nan sai masu sauraro su rabu gida biyu. Akwai masu murna, waɗanda kan ɗauka gobe maganin zai iso kemis ɗin unguwa. Akwai kuma masu tsaki, waɗanda kan ce shekara fiye da 30 ke nan ana tarawa ana watsewa, ana cin abinci a manyan otal-otal, amma har yau ba a ga allurar riga-kafi ba. A ganina dukkan ɓangarorin biyu sun dubi taron ta inda ba nan darajarsa take ba. Mafi amfanin abin da ake faɗi a wannan zaure shi ne labarin gwaje-gwajen da suka faskara, kuma idan mai karatu ya bi waɗannan labarai a tsanake zai tarar da cewa mafi yawansu sun tsaya ne a kan tambaya guda, wadda masanan jami'o'inmu suka fi na Bostan dacewa su amsa ta.

Kada dai a zaci taron bai taɓa kawo albishir na gaske ba. A taron watan Janairun 1996 ne aka fara bayyana cewa idan aka haɗa magunguna uku, ɗaya daga cikinsu daga wani sabon jinsi mai hana ƙwayar cutar harhaɗa 'ya'yanta, yawan ƙwayar a cikin jini yakan faɗi har ma'aunin gwaji ya kasa ganinta. Hikimar abin ita ce, HIV takan hayayyafa da sauri tana kuskure wajen kwafar kanta, don haka magani ɗaya ba ya daɗewa sai an sami wadda ta bijire masa. Amma da wuya ƙwaya guda ta dace da bijire wa magunguna uku a lokaci ɗaya. A watan Yulin wannan shekara aka tabbatar da zancen a wani babban taron duniya a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, kuma a shekarar 1997 mace-macen ƙanjamau a Amurka ya ragu da kusan rabi. Sai dai kuɗin maganin a lokacin ya haura dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara, saboda haka Afirka ta ci gaba da binne 'ya'yanta. Sai da aka yi taron birnin Durban na Afirka ta Kudu a 2000, aka yi ta matsin lamba, kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magunguna uku a kan dala 350 a 2001, aka kafa Asusun Duniya a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka a 2003, sannan albishirin 1996 ya fara isowa asibitocinmu. Kimanin shekara 7 ke nan tsakanin zaure da gadon majiyyaci, kuma a cikinsu miliyoyi suka rasu.

To, bari mu koma kan labaran warkarwa, tun da su ne suka fi cika mana kunne. A taron 2008 a Bostan wani likitan jini daga Jamus, Gero Hütter, ya manna takardar bincikensa a jikin allo cikin ɗaruruwan takardu, kuma mutane kaɗan ne suka tsaya karantawa. Labarin wani Ba'amurke ne mazaunin Balin, Timothy Ray Brown, mai ɗauke da HIV, wanda kuma sankarar jini ta kama. Don maganin sankarar aka kashe ɓargonsa aka dasa masa na wani, amma likitan ya zaɓi mai bayarwa wanda aka haifa ba tare da wata ƙofa mai suna CCR5 a jikin ƙwayoyin garkuwarsa ba, ƙofar da mafi yawan HIV kan bi ta shiga. Kimanin mutum ɗaya cikin 100 na mutanen arewacin Turai ne suke da wannan halitta. Brown ya daina shan magani kuma ƙwayar ba ta dawo ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ta dawo ta kashe shi. An sake ba da labarin irin wannan a taron 2019, na wani majiyyaci a Landan, da kuma na wata mace a New York a 2022. Gaskiya ne sun warke. Amma dashen ɓargo aiki ne mai haɗari wanda shi kansa yakan kashe, ba kuma likitan kirki da zai yi wa mutumin da ƙwayar magani ɗaya a rana take riƙe da lafiyarsa. Duk waɗanda aka ba da rahoton sun warke ta wannan hanya ba su kai mutum 20 ba, alhali ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2024 ta nuna kimanin mutum miliyan 40.8 ne suke ɗauke da ƙwayar.

Labarin da ya fi wannan koyarwa shi ne na jaririyar Misisifi. A taron Atlanta na watan Maris 2013, Dokta Deborah Persaud ta bayyana cewa an fara ba wata jaririya magunguna uku tana da awa 30 da haihuwa, aka ci gaba har ta kai wata 18, daga nan shan maganin ya yanke, amma da aka dawo da ita asibiti ba a ga ƙwayar a jininta ba. Jaridun duniya suka ɗauka an warkar da ita. A watan Yulin 2014, bayan wata 27 ba magani, ƙwayar ta sake bayyana, kuma su masu binciken ne da kansu suka fito suka sanar da duniya. Dalilin dawowarta an san shi tun 1997: HIV takan saƙa bayanan halittarta a cikin kundin halittar wasu ƙwayoyin garkuwa masu dogon kwana, waɗanda kan kwanta shiru shekara da shekaru, magani ba ya taɓa su a wannan hali, kuma an ƙiyasta cewa sai mutum ya sha magani fiye da shekara 60 kafin wannan maɓoya ta ƙare da kanta. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ya faru a Gambiya a 2007, lokacin da shugaban ƙasar na wancan zamani, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki, aka sa majiyyata suka bar maganin asibiti. Babu wani zaure da aka kai wannan da'awa don a tuhume ta, babu kuma ranar da mai da'awar ya dawo ya ƙirga waɗanda suka mutu. Masu tallar maganin ƙanjamau da lasifika a tashoshin motarmu da kasuwanninmu su ma haka suke. Bambancin likitan da ke zuwa wannan taro da mai lasifika shi ne, shi likitan ya san baɗi zai koma gaban mutanen da suka rubuta abin da ya faɗa bara.

Yanzu ga inda nake so a daɗe. A wannan taro na Atlanta, wanda jaririyar Misisifi ta cinye labarinsa, an karanta sakamakon wani gwaji mai suna VOICE, wanda gidajen rediyo ba su kula da shi ba. An ɗauki mata 5,029 waɗanda ba su ɗauke da HIV a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, aka ba wasu ƙwayar maganin tenofovir su riƙa sha kullum don kariya, aka ba wasu man shafawa mai ɗauke da maganin, wasu kuma aka ba su abin da ya yi kama da magani amma babu komai a ciki, don a sami abin kwatantawa. Akwai dalilin sa rai, domin a 2011 wani gwaji a Kenya da Yuganda, tsakanin ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar, ya nuna irin wannan magani ya rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Amma a VOICE ba a ga kariya ba ko kaɗan. Da aka tambayi matan, kusan kashi 90 cikin 100 na maganin suka ce sun sha. Kwalaben da suke mayarwa asibiti ma sun nuna haka. Da aka auna jininsu, sai aka tarar da maganin a ƙasa da kashi 30 cikin 100 na samfuran.

Abu ne mai sauƙi a ce matan sun yi ƙarya a tsaya nan. Masu binciken ba su tsaya nan ba, sun koma sun zauna da su suka nuna musu sakamakon jinin, suka saurara. Wata ta ji tsoron kada miji ko saurayi ya ga kwalbar ya ce tana ɗauke da cutar, tun da ƙwayar iri ɗaya ce da wadda masu cutar suke sha. Wata ta ji jita-jita a unguwa cewa maganin yana lalata jiki. Wasu kuma sun shiga gwajin ne domin a nan kaɗai suke samun likita mai duba su da kyau kowane wata, don haka suka faɗi abin da suka ga ma'aikatan suna son ji, kada a sallame su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da madubin ɗakin gwaje-gwaje zai iya hangowa. Kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda amarya a gidan yawa take ɓoye ko da katin asibiti daga idon kishiya ko uwar miji, zai gane matan nan ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Shekara 10 bayan haka tarihi ya maimaita kansa, wannan karon a fagen sauran cututtukan saduwa. An gano a San Faransisko da Siyatil cewa idan maza masu tarawa da maza suka sha maganin doxycycline cikin awa 72 bayan saduwa, kamuwa da tunjere da ciwon sanyi da wata cuta mai suna kilamidiya yakan ragu da kusan kashi biyu bisa uku. Sai aka gwada shi a kan mata 449 a birnin Kisumu na Kenya, aka kawo sakamakon taron 2023: babu wani ragi da za a dogara da shi. Da aka auna gashin kan wasu daga cikinsu, wanda yakan ajiye alamar maganin da mutum ya sha, ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na samfuran ne suka nuna maganin. Har ila yau, ƙwayoyin ciwon sanyin da aka samu a wurin sun riga sun bijire wa wannan jinsin magani. Wannan batu na biyu ya kamata ya tayar mana da hankali, mu da muke sayen kafso a kan tire a bakin kasuwa, mu sha biyu mu bar saura. Da a ce labarin San Faransisko kaɗai ya iso mana, ba tare da na Kisumu ba, da tuni masu kemis sun mai da shi talla.

Faɗuwar VOICE ba ta tafi a banza ba. Ita da irinta ne suka sa masana suka karkata ga neman kariyar da ba ta buƙatar mace ta tuna kullum, ko ta ajiye kwalba a ɗaka. Aka gwada zoben roba mai ɗauke da magani wanda mace kan sa a jikinta na tsawon wata guda, aka kawo sakamakon taron 2016, ya rage kamuwa da kimanin kashi 30 cikin 100 kawai. Aka ci gaba har aka kai ga allurar lenacapavir, wadda ake yi a ƙarƙashin fata sau biyu a shekara, mai lalata ƙoƙon da ƙwayar cutar take kulle bayanan halittarta a ciki. A taron duniya na birnin Munik a watan Yulin 2024, Farfesa Linda-Gail Bekker ta Afirka ta Kudu ta bayyana cewa daga cikin 'yan mata da matasan mata 2,134 da aka yi wa allurar a ƙasarta da Yuganda, ko ɗaya ba ta kamu ba, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar sha ta kullum an sami fiye da 50 da suka kamu, yawancinsu saboda rashin shan ta. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar a watan Yunin 2025, a kan farashin da ya haura dala 28,000 a shekara, kuma a watan Satumba aka sanar da yarjejeniyar da za ta ba kamfanonin Indiya damar sayar da ita a kan dala 40 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi daga 2027. Idan hakan ta tabbata, tazarar da ta kai shekara 7 a zamanin farko ta ragu ƙwarai.

Akwai wani sakamako kuma da ya shafi gidajenmu kai tsaye, wanda har yau bai gama shiga kunnen jama'a ba. A 2008 wasu likitocin Suwizalan suka fito suka ce mutumin da yake shan magani har ƙwayar ta ɓace daga ma'aunin gwaji ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Abokan sana'arsu suka yi musu ca, suka ce ina hujja. Aka shirya binciken PARTNER, aka kawo sakamakon farko taron 2014, aka buga cikakkensa a 2016: an bi ma'aurata da masoya 888 a Turai, ɗaya na ɗauke da ƙwayar yana shan magani, ɗaya ba ya ɗauke da ita, sun sadu kimanin sau 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba. Sharaɗin dai shi ne shan magani ba fashi da auna jini a kai a kai, kuma wannan bai hana tunjere ko ciwon sanyi ba, bai kuma kawar da haɗarin shayarwa gaba ɗaya ba. To, jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, a Bauchi kuwa tun wajen 2008 hukuma take haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ƙwayar. Manufa ce mai kyau. Amma idan waliyyi da limamin da zai ɗaura aure ba su san abin da PARTNER ya tabbatar ba, takardar gwajin za ta zama takardar fasa aure kawai, wanda kuwa ya san hakan zai faru da shi yakan nemi takardar bogi ko ya tsallaka wata jiha. Tambayar da ta fi dacewa a yi wa mai neman aure da aka samu da ƙwayar ita ce: kana shan magani, kuma nawa ne adadinta a jininka a awon ƙarshe?

Masu tsaki ba su rasa gaskiya baki ɗaya ba, kuma bai kamata a rufe musu baki ba. Kusan kashi biyu bisa uku na masu ɗauke da HIV a Afirka kudu da Sahara suke, amma wannan taro kusan kullum a Amurka ake yin sa. Daga 1987 har zuwa Janairun 2010 dokar Amurka ta hana baƙo mai ɗauke da ƙwayar shiga ƙasar sai da izini na musamman, wato shekaru da dama ana tattauna cuta a wurin da masu ita daga waje ba su da 'yancin zuwa. A babban taron Montiriyal na 2022 ma ɗimbin 'yan Afirka ba su sami biza ba. Ga kuɗin jirgi da masauki da rajista, waɗanda idan aka juya su zuwa naira sun fi albashin malamin jami'a na watanni. Bugu da ƙari, shekarar 2025 ta nuna yadda ginin yake tsaye a kan ƙafar aro: a watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, dakunan shan magani da dama a Afirka suka rufe ko suka rage aiki, wasu gwaje-gwaje suka tsaya a tsakiya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai maganin ƙorafin ba ƙaurace wa taron ba ne, domin ko mun je ko ba mu je ba, abin da aka tabbatar a can shi Hukumar Lafiya ta Duniya kan duba ta tsara ƙa'idojin da asibitocinmu suke bi.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayin da muke zuwa da shi idan mun je. Mun saba zuwa da littafin rubutu, mu saurara, mu ɗauki hoto a gaban tutar taro, mu dawo. Alhali yankinmu yana da abin faɗi tun daga kan ita ƙwayar cutar. Jinsin HIV da aka fi yin bincike a kansa a farko shi ne wanda ya yaɗu a Amurka da Turai, wanda ba shi ne ya fi yawa a Nijeriya ba. A nan jinsin G da wani gauraye na A da G, wanda aka fara bayyana samfurinsa daga Ibadan, su suka mamaye. Akwai kuma HIV ta biyu, wadda Afirka ta Yamma ce gidanta, wadda magunguna irin su nevirapine ba sa yi mata komai, kuma Farfesa Souleymane Mboup na Dakar yana cikin waɗanda suka fara gano alamarta a 1985. Bai jira an kawo masa tambaya daga waje ba, jinin da ya tattara a garinsu ne ya sa manyan ɗakunan bincike na duniya suka neme shi.

Ƙidayar da aka yi gida-gida a Nijeriya a 2018 ta ba da wani misali. Kafin ta, ana ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar sun haura miliyan 3. Da aka auna mutane da gaske sai aka sami kimanin miliyan 1.9, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, shiyyar Arewa maso Yamma kuwa ita ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Mata sun ninka maza wajen kamuwa. Me ya sa adadin ya yi ƙasa a nan? Kaciyar maza tana da hannu, domin gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna tana rage kamuwar namiji da kimanin kashi 60 cikin 100. Amma kashi 0.6 na al'umma mai yawan tamu ba mutane kaɗan ba ne, kuma hanyoyin da ƙwayar take bi a cikinmu ba irin na San Faransisko ba ne, ba kuma irin na Durban ba. Tana iya shiga gida mai mata uku ta ƙofa ɗaya. Tana bin saki da zawarci da sake aure, tana bin ɗan ci-rani da direban babbar mota. Mafi yawan matan shiyyar nan a gida suke haihuwa, alhali tun 1994 aka tabbatar da cewa ba mai ciki magani yana rage kamuwar jariri daga kimanin kashi 25 cikin 100 zuwa 8, da magungunan yau kuwa ya fi haka raguwa nesa ba kusa ba. Yaya za a isar da wannan ga matar da ungozoma ce kaɗai za ta gani? Idan allurar wata shida ta iso, wace mace ce za ta iya zuwa a yi mata ba tare da izinin miji ba, kuma da wane suna za ta kira ta idan an tambaye ta? Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da suka kayar da VOICE, kuma babu wanda zai amsa su daga Bostan.

An taɓa yin irin aikin da nake nufi. Wasu likitoci a Kano sun bi majiyyata masu shan maganin HIV a cikin watan azumi, suka buga sakamakon a 2009, inda suka nuna cewa masu azumin sun mayar da lokacin shan maganinsu zuwa sahur da buɗa-baki, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da marasa azumi ba wajen kiyaye shan sa. Bincike ne ƙarami wanda bai buƙaci na'ura mai tsada ba, amma ya amsa tambayar da ta shafi likitoci daga Dakar har Jakarta. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da fayilolin dubban majiyyata na shekara 20, waɗanda za su iya nuna wa ya daina zuwa karɓar magani, a wane wata, bayan wane abu ya same shi, ko mutuwar aure ce, ko ƙaura saboda rashin tsaro, ko tsadar kuɗin mota. Wannan aiki ne da sashen likitanci ba zai iya shi kaɗai ba. Yana buƙatar malamin nazarin zamantakewa da zai san yadda ake tambayar mace abin da take jin kunyar faɗa, da masanin lissafi da zai tace alƙaluma, har ma da malamin Hausa, domin har yau ba mu daidaita kalmar da za mu bambanta mai ɗauke da ƙwayar yana lafiya lau da wanda cutar ta kwantar ba, duka ƙanjamau muke cewa, sunan da asalinsa rama yake nufi.

Masu shirya taron sukan karɓi taƙaitaccen bayanin bincike ne watanni kafin a hallara, kwamitin masana ya tace, a karɓi wasu a mayar da wasu, kuma akwai tallafin tafiya da ake ware wa matasan masu bincike daga ƙasashe irin namu. Jawaban da aka gabatar kuwa akan ɗora su a intanet bayan an tashi, kowa ya kalla kyauta. Saboda haka shugaban kowane sashen likitanci yana iya ware yini biyu a watan Afrilu, ya tara ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu ba da shawara a ɗakin gwaji, su kalli jawabai biyar ko shida, a fara da gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba, sa'annan a fitar da fayilolin asibitin a ga wanne daga cikin dalilan faɗuwar yake kwance a cikinsu.